Riga Talatin da Shida da Suka Ƙi Shan Gumi

Samarin da suka kama shaguna a layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi gani suke babu sana'ar da ta kai tawa sauƙi. Kwanakin baya ɗaya daga cikinsu, mai sayar da takalma ta waya, ya tsaya a ƙofata yana kallon kaya, ya ce, "Malam Habibu, kai kam ka huta. Rigar da ba wanda zai gani, ai duk wadda ka miƙa wa mutum shi ke nan. Ƙarama, matsakaiciya, babba, an gama." Ni ba mai saurin baki ba ne. Amma na riƙe maganar, kuma ga amsarta nan a rubuce, gare shi da duk wanda yake shirin zuba rigunan ciki a tebur ya koma gefe yana latsa waya.

Rigar sama ta mutane ce, su suke kallonta. Ta ciki kuwa ita take wuni manne da fata, ita take karɓar duk gumin da mutum ya yi daga safe zuwa yamma. Idan ta karɓa ta riƙe, zai wuni cikin jiƙaƙƙen tsumma. Idan ta ƙi karɓa, gumin zai kwanta tsakaninta da fata har ƙuraje su feso. Wadda muke nema ita ce mai janye gumin daga jiki ta miƙa shi waje iska ta ɗauke. Gane ta a cikin tarin kaya shi ne aikin.

Na shiga sana'ar ta hannun Kawu Isa, ƙanin mahaifiyata, lokacin ina karatun kimiyya a makarantar gaba da sakandare. Teburinsa yana bakin titi, daidai inda 'yan adaidaita suke sauke fasinja, kuma farar singileti ta auduga ce yawancin kayansa. Ina zuwa bayan darasi in zauna masa. Ban iya kiran ciniki ba. Mutum zai tsaya yana juya kaya, ina jira ya fara magana, shi ma yana jira in fara. Kawu yakan ce wa abokansa, "Wannan ɗan nawa, ko ɓarawo ya ɗauke teburin sai ya kai ƙarshen shafi kafin ya ɗago." Da ya ga bakina ba zai yi masa amfani ba, sai ya ba ni aikin da ba ya buƙatar baki, wato tsintar kaya da wankinsu.

A hannunsa na koyi jan wuyan riga in saki in ga ko zai koma yadda yake, da juya ta in duba ɗinkin hammata, don shi ke goge fata idan ya yi kauri. Shi Kawu ma'auninsa ɗaya ne, auduga mai nauyi a hannu. Ba a banza ya tsaya a kai ba. Masu sayen kayansa mutanen inuwa ne, ma'aikatan ofis da malamai da masu shaguna, waɗanda ke sa singileti ƙarƙashin shadda don kada gumi ya ɓata musu ita.

Wata Asabar muka je Ƙofar Wambai aka fasa dilar gwanjo. A kowace dila akan samu wasu siraran riguna masu santsi, marasa nauyi, da 'yan kasuwa ke jefarwa gefe suna kiransu leda. Ba mai ɗauka. Mai dilar ya haɗa wa Kawu guda ashirin a matsayin gyara, Kawu ya ce in wanke a riƙa goge tebur da su. Kafin in gama shanya na audugar, su sun bushe ƙayau. Washegari na sa ɗaya na tafi makaranta a ƙafa, na isa bayana a bushe. Kwana biyu bayan nan na sa wata mai kama da ita sak, na isa kamar an turara ni. A nan na gane ledar ba iri ɗaya ba ce, kuma ido ba ya raba su.

Kayan aikina ba su fi cikin aljihu ba, har yau kuma su ne. Akwai tsohuwar kwalbar maganin ido da nake cikawa da ruwa. Sai in juya riga, in shimfiɗa ta a faranti, in ɗiga mata ɗigo ɗaya ta ciki. Auduga takan shanye shi nan take, wurin ya yi duhu ya zauna a jiƙe. Mummunar roba ba ta shan komai, ɗigon zai tsaya a kanta kamar ruwa a ganyen gwaza. Ta kirki kuwa za ka ga ɗigon ya bazu yana faɗi, ya ɓullo ta ɗaya fuskar, kafin ka sallami mai ciniki ɗaya wurin ya bushe. Sai kuma almakashi da ashana. Takardar da ke wuyan riga ba abin dogara ba ce. A gwanjo ko an yanke ta ko ta goge, a sababbi kuma kowa yana buga abin da ya ga dama. Don haka nakan ciri zare daga cikin kalmasa in kunna masa wuta. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka. Ulu yana warin babbakar kan rago, ya dunƙule ya murmushe a yatsa. Roba narkewa take ta zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri.

Na tuna wani mai walda daga Hotoro da ya zo yana son irin wadda ya gani a jikin ƙaninsa mai buga ƙwallo. Na ƙi sayar masa. Ya ce, "Kai ɗan boko, kuɗin nawa jabu ne?" Na ciri zare na ƙona a gabansa, ya ga yadda ya narke ya manne a faranti. Na ce haka za ta yi a ƙirjinsa ranar da tartsatsi ya shiga. Ya tafi da auduga uku. Mai walda, mai suya, mai gidan burodi, duk wanda wuta ke kusa da shi, auduga ce tasa ko da zai jiƙe sharkaf. Haka direban adaidaita a tsakiyar bazara. Yana zaune, iska na bugunsa, jiƙaƙƙiyar auduga sanyaya shi take yi. Wanda take cuta shi ne mai aikin ƙarfi da zai yi gumi ya tsaya, ya sake yi ya sake tsayawa, da kuma kowa ma idan damina ta sauka iska ta yi nauyi, babu abin da ke bushewa.

Wata malamar makaranta daga Tarauni ta taɓa zuwa saya wa ɗanta kaya, an tura shi aikin awon ƙasa can kan tsaunukan Filato. Ta riga ta sayi suwaita biyu masu kauri, singileti rabin dozin take nema ta ƙara. Abin da mutanenmu suka sani game da sanyi ke nan, a ƙara kauri. Amma mai hawan dutse da kaya a kafaɗa gumi yake yi ko da sanyi na yanka kunne. Singiletin ta jiƙe, ya tsaya hutawa, iska ta ratsa, sai ya zama yana sanye da ruwan sanyi a ƙarƙashin suwaita biyu. Na zaɓar masa siririn ulu mai dogon hannu wanda ke kama jiki, don ulu ko ya ɗan jiƙe ba ya daina ɗumi, da wata roba mai laushin gashi ta ciki. Na ce suwaitar ya riƙa cirewa in zai fara tafiya, ya mayar in ya tsaya. Malamar ta ɗaga rigar ta ce, "Wannan abin da ake hango mutum ta cikinsa?" Ta saya dai, tana hararata.

Shekarata ta ƙarshe a makaranta gwiwa ta matsa wa Kawu, ya daina fitowa kullum, ya bar min teburin. A lokacin rabin kayan sun koma irin nawa. Ranar da ya miƙa min makullin akwati ya ce, "Tebur naka ne, ka zuba abin da ka ga dama. Amma sunan da ke kansa nawa ne. Tun da na kafa shi ba a taɓa dawo min da kaya ba." A wannan shekarar aka dawo min da riga talatin da shida a buhu ɗaya.

Mai su Oga Bitrus ne, ɗan Filato haifaffen Tarauni, mai injin haƙar rijiyar burtsatse da ma'aikata goma sha biyu. Malamar nan ce ta turo shi, 'yar cocinsu ce. Ya zo farkon bazara ya zauna a bencina ya zayyana damuwarsa. Mutanensa suna wuni a rana suna ɗaga bututun ƙarfe, singileti ta jiƙe ta yi nauyi, su tuɓe ta su yar, rana ta ƙona musu baya. Da yamma su hau bayan mota a jiƙe, washegari biyu ko uku suna kwance da mura. Ya ce, "Ƙarshen shekara kuma akwai aiki a garinmu, can sanyin ba irin naku na wasa ba ne. In na zafi sun yi, na sanyi ma a wajenka zan ɗauka."

Mako biyu na yi ina haɗa kayan. Kowa uku, farare da ruwan toka mai haske, sirara, masu gajeren hannu don kafaɗa ta rufu, saƙa mai ƙananan ramuka. Babu wadda ban ɗiga wa ruwa ba. Na auna ƙirjin kowane mutum da tef, don irin wannan riga in ta yi yawa ba ta taɓa fata balle ta ja gumi, in ta matse kuma ta hana iska. Makon farko Oga ya kira ni a waya yana dariya, ya ce yanzu sai ya yi faɗa kafin su cire.

Mako na biyar, da la'asar, lokacin da bakin titin ya fi cika, motarsu ta tsaya gaban teburina. Garba Dogo ne ya diro, wanda ke sarrafa injin haƙar, mutum mai murya. Ya dire buhu a kan kayana, ya ɗaga rigarsa ya juya wa jama'a baya. Daga wuya zuwa ƙugu ƙurajen zafi ne jajur.

"Malam, ga ledojinka," in ji shi. "Da mun san dafa mu za ka yi kamar alala, da mun taho da manja."

'Yan adaidaita suka fashe da dariya. Na ce, "Na gwada kowacce."

"A jikin wa? A jikin littafi?"

Oga bai sauko daga mota ba. Ta taga ya ce min mutum uku ba su fita aiki ba saboda ƙaiƙayi, kuma maganar kayan sanyi in manta da ita. Suka tafi.

Kafin magariba labarin ya kai ƙarshen layi. Daga ranar, in mutum ya tsaya a teburin sai wani ya ce masa daga nesa, "A yi hankali, alala ake dafawa a nan." Hatta masu sayen audugar Kawu, waɗanda ba abin da ya haɗa su da maganar, suka koma kasuwar Tarauni. Damina ta sauka. Akwai ranakun da zan shimfiɗa kaya in naɗe ban sayar da ko ɗaya ba. Kawu ya zo sau ɗaya da sandarsa, ya buɗe buhun, ya taɓa, ya rufe. Ya ce, "In Babbar Sallah ta zo ba ka wanke sunan nan ba, zan sa wani a teburin. Ba fushi nake ba."

Na kai buhun gida na zazzage. Rigunan sun yi tauri, har ƙara suke in an lanƙwasa. Na ɗiga ruwa, ɗigon ya zauna bai motsa ba, a kan rigar da ni da kaina na ga ta sha ruwa kafin in sayar musu. Na zargi lakar rijiya. Na samo ta wajen wasu masu haƙa a Hotoro, na tsoma ɗaya daga ragowar kayana ta kwana biyu, na wanke, ta sha ruwa kamar ba a yi komai ba. Na zargi baƙin mai, amma shi tabo yake yi nan da can, wannan kuwa riga ce gaba ɗaya har kalmasa. Na ce ko rana ce, na shanya riga ɗaya a kan kwanon rufi mako guda. Ba ita ba ce. Jarrabawa ta shigo ta cinye min makonni. Ranar da na koma kan buhun na lura da wani sheƙi a kafaɗun wasu, mai siffar gindin dutsen guga, da ƙanshi kamar na kyandir. Na sayo aidin a kemis, irin na sa wa ciwo. Duk wanda ya yi sakandare ya san abin da aidin ke yi in ya haɗu da sitaci. Na ɗiga, wurin ya koma shuɗi mai duhu. Na gwada talatin da shida, duk haka.

Wa zai sa wa rigar mai haƙar rijiya sitaci? Ranar Asabar da hantsi na tafi filin da suke ajiye motocinsu a Tarauni, na tsaya wajen mai shayin da ke ƙofa, ban shiga ba. Can sai ga wani dattijo a keke, da ƙullin kaya a baya an ɗaure shi tsaf. Mai shayin ya ce Baba Tanimu ne mai wanki da guga, daga Darmanawa. Da can manyan unguwa kaf shi ke musu wanki, yanzu sun koma wajen masu inji, wankin mutanen Oga ne kaɗai ya rage masa. Shi ma Oga ya ba shi ne don shi ke yi wa mahaifinsa wanki kafin ya rasu. Mai shayin ya ƙara da cewa, "Amma ka san Oga. Ranar da direbansa ya bar mota ba ruwa, nan take ya kore shi, ko sallama bai bari ya yi ba."

Na koma gida da abin da na sani, ban san inda zan kai shi ba. In na faɗa wa Oga, sunan Kawu ya wanku, dattijon kuma ya rasa abin da yake ci da shi. In na yi shiru, Sallah saura mako uku.

Darmanawa na nufa da buhun. Na samu Baba Tanimu a zauren gidansa yana hura gawayin dutsen guga. A gefe ga bokiti cike da sitacin rogo da ya dama da ruwan zafi, guntun kyandir na narkewa a ciki don kaya su yi sheƙi. Na gaishe shi, na daɗe ina gaisuwa don ban san ta inda zan fara ba. Ya ce, "Yaro, ko neman aure ka zo? 'Ya'yan nawa duk sun tafi."

Na fito da riga ɗaya. Ya karɓa ya shafa ta da bayan hannu ya ce, "Aikina ne. Ka ga yadda ta tsaya?"

Na ce, "Baba, tsayuwar ce matsalar." Na ɗiga ruwa a kan sabuwa, na ɗiga a kan tasa, na yi masa bayanin ramukan da sitaci da kyandir suka toshe, da waɗanda zafin guga ya narkar. Na gaya masa abin da ya samu bayan Dogo, da abin da ya samu teburinmu. Ya karɓi kwalbar ya ɗiga da kansa, sau uku, a wurare daban-daban.

"Ko kwabo ban ƙara wa Bitrus ba a kan sitacin nan," in ji shi. "Daga aljihuna nake saye. Na ga yaran suna fita kamar marasa gata, na ce kayan da suka biyo ta hannuna ba za su fita a yamutse ba. Tun kafin a haife ka nake wanki, ba a taɓa cewa na ɓata kaya ba."

"Ai ba da gangan ba ne, Baba."

"Shi bayan yaron ina ruwansa da gangan?"

Kwana biyu muka yi muna aiki a tsakar gidansa. Ruwa mai ɗumi da garin sabulu, a jiƙa, a murza a hankali, a ɗauraye, a sake, har sau huɗu. Shi ke wankewa, don bai yarda in taɓa ba, ni ina bi da aidin da kwalbar ruwa. Ashirin da biyar suka dawo. Sha ɗaya dutsen guga ya riga ya cinye su, saƙar ta narke ta manne, babu abin da zai buɗe ta. Na cike gurbinsu daga kayana. Da zan tafi ya ce, "Za ka gaya masa?" Na ce zan kai masa kaya dai.

Asabar da ta biyo na shiga filin. Oga yana zaune kan bututu yana cin gyaɗa, mutanensa suna wanke inji. Na ɗora faranti a kan ganga, na gwada riga biyar a gabansu, duk suka sha. Dogo ya ce a bar shi ya zaɓa da kansa, kada in yi musu rufa-ido. Ya zaro daga ƙasan buhu, ita ma ta sha.

Oga ya ce, "To, na gani. Ranar da ka kawo su ma haka suka yi. Me ya same su a tsakani?"

Na ce, "Laifina ne. Na sayar muku da kaya ban faɗi yadda ake wanke su ba." Gaskiya ce kuma. Na auna ƙirjin mutum goma sha biyu, amma ban buɗe baki na faɗi wannan ba.

"Wanki," in ji Oga. Ya daina tauna.

Ban san Baba Tanimu ya shigo ba sai da na ji an jingine keke. Ya zo ya tsaya gefena ya ce, "Kada ka wahalar da yaro, Bitrus. Sitaci na sa musu, na bi da guga."

"Sitaci? A rigar aiki? Wa ya sa ka, Baba?"

"Ba wanda ya sa ni. Haka na yi wa kayan mahaifinka shekara da shekaru, bai taɓa tambaya ba."

"Babana malamin makaranta ne, ba rijiya yake haƙa ba."

Dogo ya ce, "Wato wata guda cikin koko muke aiki ba mu sani ba. Shi ya sa ƙuda ke bina." Sauran suka yi dariya, Oga bai yi ba. Ya ce ya yi asarar kwanakin aiki, ya sayi magani, ya sa an ci mutuncin mutumin da bai yi masa komai ba a bainar jama'a, kuma shi ba ya ajiye wanda ya jawo masa irin wannan. Na ce, da muryar da ni kaina da ƙyar na ji, in hukunci zai yi ya fara da ni, don Baba abin da ya sani ya yi, ni kuwa na san abin da ban faɗa ba. Oga ya juya wajen dattijon. Ya ce, "Ruwa da sabulu kawai. A shanya a inuwa. In na sake jin riga ta yi ƙara..." Bai ƙarasa ba. Baba ya ce ya ji.

Kayan sanyin ma a wajena ya ɗauka, siririn ulu da roba mai gashi, suka yi wata biyu a garinsu suka dawo ba wanda ya kwanta. Amma wannan sai ƙarshen shekara. A lokacin, abin da aka yi a cikin fili a cikin fili ya tsaya. A bakin titinmu ina nan a mai dafa alala, Sallah kuma saura mako biyu. Dogo ya ce zai zo ya faɗa da irin muryar da ya ɓata ni. Na roƙe shi kada ya zo, don ba yadda zai faɗa sunan Baba bai fito ba, kuma mai wankin da aka ce yana ɓata kaya tasa ta ƙare.

Ranar Alhamis da la'asar Kawu ya fito, ya zauna a benci tare da mutumin da yake son bai wa teburin, suna kallon yadda ba wanda ke tsayawa. Sai ga Baba Tanimu a keke, sanye da farar riga da ta sha sitaci har tana ɗaukar ido. Bai zo wajena ba. Ya tsaya a tsakiyar 'yan adaidaita ya yi sallama da ƙarfi, ya jira aka yi shiru.

"Isa," ya ce da Kawu, "ka san ni?"

"Wa bai san Tanimu ba."

"To kayan ɗanka ba su da laifi. Ni na zuba musu sitaci na toshe su. Ƙurajen bayan da aka nuna muku a nan, aikin hannuna ne. Wanda ya yi dariya ranar, ya ɗauki wannan ma ya kai gaba."

Wani direba ya ce, "Baba, har rigar ciki?"

"Har ita. Kai da ko ta sama ba ka wankewa ba za ka gane ba."

Aka yi dariya, wannan karon ba da ni ba. Kawu ya matsa a benci ya ba shi wuri. Mutumin da ya zo da shi kuma ya tuna yana da wani uzuri.

Baba bai zauna ba. Ya juya kekensa, sannan ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Naka ya fita," in ji shi. "Saura nawa. Duk wanda ya ga yaran Bitrus da riga a yamutse ya tambaya, ka ce masa kai ka hana. Kada a ce Tanimu ya manta guga."

Na ce zan faɗa. Har ya bar wanki ina faɗa, ko ba a tambaye ni ba.